Idan ruwa ya ci gona, ta ina tallafin gwamnati ke biyowa?

Duk ɗalibin da mahaifinsa manomi ne ya san cewa kuɗin makaranta a gona suke tsirowa. In kaka ta yi kyau, a sayar da buhun shinkafa a biya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO. In kuwa ambaliya ta shanye gonar a watan Agusta ko Satumba, ana dab da girbi, sai ka ga an koma hutu amma kujerar wani babu kowa a kanta. Wannan ya sa muka ga ya dace mu duba tallafin gaggawa da gwamnati ke bai wa manoma.

A shekarar 2012, da ambaliya ta mamaye jihohi da dama, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da ware Naira biliyan 17.6, akasarinsu aka raba wa jihohi gwargwadon ɓarnar da ruwa ya yi musu. Kuɗi ne masu yawa a kunne. To amma tsakanin sanarwa a rediyo da hannun manomi akwai tafiya.

Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke jagorantar aikin, tare da takwarorinta na jihohi. Jami'ai kan zagaya su ƙiyasta asara, su rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, galibi ta hannun ƙaramar hukuma da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Wannan takarda ita ce komai. Wanda sunansa bai shiga ba, ko gonarsa ta koma tafki, da wuya ya ga ko mudu ɗaya.

Ba kullum tsabar kuɗi ake bayarwa ba. Sau da yawa iri ne da taki da maganin feshi da injin ban ruwa. A ganinmu, lokacin da kayan suka iso ya fi yawansu muhimmanci. Manomin kwarin Haɗejiya da ruwa ya cinye wa shinkafa yana iya farfaɗowa da noman rani, domin ana shuka alkama ne a Nuwamba zuwa Disamba, lokacin sanyin hunturu. Irin da ya iso a Fabrairu ya makara. Tallafin ambaliyar 2022, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum sama da 600 a Najeriya, a jihohi da dama sai a 2023 aka raba shi.

Kada kuma a haɗa tallafi da bashi. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne, biya ake yi. Inshorar gona ta hukumar NAIC kuwa sai wanda ya yi rajista tun kafin asara take biya.

A nan ne ɗalibai ke da rawar takawa, tunda a gidaje da yawa ku ne masu karatu da riƙe waya. Idan ruwa ya shiga gona, ku ɗauki hotonta tun bai janye ba, ku rubuta ranar da abin da aka shuka da girman gonar. Ranar da masu rubuta suna suka zo, ku raka Baba ko Inna, ku duba cewa sunan da aka rubuta ya yi daidai da na katin NIN, lambar wayar kuma tana aiki. Duk wanda ya ce sai an ba shi kuɗin fom kafin a sa suna, ko ya bugo waya yana neman lambar sirrin banki, ku gaya wa iyayenku kada su ba shi, a kai maganar gaban mai unguwa.