Famfon ruwan inji: ƙaramin ƙarfe mai tsayar da babbar tafiya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, ta nufi Tawa ta Badagishiri, ya san wannan hoto a watannin Afrilu da Mayu: mota a gefen hanya, an ɗaga murfin inji, tururi na tashi, fasinjoji sun watse neman inuwa, yaron mota kuwa ya sheƙa ƙauye da jarka. A lokacin zafin rana kan wuce digiri 40. Ga ɗan kasuwar da ya ɗauko albasar Galmi, kwana ɗaya a rana asara ce, ga ma'aikacin gwamnatin da ake jira a Illela kuwa, abin kunya ne gaban shugabansa.

Sau da yawa mai laifin shi ne famfon ruwa. Aikinsa ɗaya ne: ya tura ruwa daga radiyata ya zagaya cikin inji, ya kwaso zafi, ya komo. Igiyar roba ce ke juya shi, wadda masu gyara a Birnin Ƙonni ke kira kuruwa, 'yan uwansu na ƙetaren iyaka, a ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, su ce fambel. A cikinsa akwai farfela, da rulma, da robar da ke tare ruwa.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna daga 1975, ba su ɓoye ciwonsu. A ƙasan famfon akwai ɗan rami da maƙeransa suka bari da gangan. Idan robar ciki ta gaji, ta nan ruwa ke fara ɗiga, ya bar fari ko jan zane a jikin ƙarfe. Idan rulma ce ta ci, za a ji ƙugi daga gaban inji, kuma in aka kashe mota aka kama fanka aka girgiza, sai a ji tana lilo. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne famfon da tsatsa ta cinye wa farfela: ba ya ɗiga, ba ya kuka, amma allurar zafi na hawa da zarar mota ta ɗauki kaya.

Makaniki na ƙwarai ba ya gaggawar yanke hukunci. Sai ya duba kuruwa ko ta saki, ya duba murfin radiyata da bututan roba, ya duba ɗan ƙyauren nan da ke buɗe wa ruwa hanya in ya yi zafi. Wasu kan cire ƙyauren su jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan dabara ba ta warkar da famfon da ya mutu.

Canjin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. A bar inji ya huce sarai, domin buɗe murfin radiyata da zafi ya ƙona fuskoki da dama. A zubar da ruwa, a sassauta kuruwa, a cire fanka, a kwance kusoshi. Sai a kankare tsohon juwan har ƙarfe ya yi sumul. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, don ɗan ɓurɓushi ya isa ya sa sabon famfo yoyo. A ɗaure kusoshi a hankali, wannan gefe sannan wancan. Kuruwa kuma kada a ja ta kamar tsirkiyar baka: in an danna tsakiyarta da yatsa, ta lotsa kamar santimita 1. Wadda aka matse fiye da kima ita ce ke kashe rulma. Daga nan a cika ruwa, a tada inji har iskar da ta maƙale ta fita, a ƙara.

Tun bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan da ake sayowa daga Faransa ya ninka, masu motoci suka ƙara karkata ga na hannu da masu araha. Ana fahimtarsu. Sai dai kan injin 504 na alminiyom ne, in zafi ya wuce iyaka yakan lanƙwashe, juwan ɗinsa ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Kuɗin wannan gyara ya ninka na famfo sau da yawa.

Akwai kuma batun ruwan da ake zubawa. Dutsen da masana'antar Malbaza ke siminti da shi irinsa ne ke sa ruwan rijiya barin farin ɓawo a buta, kuma haka yake yi a cikin radiyata. Ruwan sanyaya inji na kanti yana hana tsatsa. Wanda bai samu ba, ya tara ruwan sama a damina, ya tace, ya ajiye jarka guda a bayan mota.