Mudu Guda Ya Isa Alwala: Darasi a Kan Israfi a Masallaci da Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa masallata da ɗalibanmu, darasin wannan fitowa a kan israfi ne, wato wuce iyaka wajen amfani da abin da Allah Ya hore mana. Allah Ya hana shi a Suratul A'arafi, aya ta 31, a daidai wurin da Ya halatta ci da sha. Idan aka ambaci israfi, hankalin jama'a kan tafi ga masu kuɗi da bukukuwansu. To, talaka ma yana iya yin sa, har sau biyar a rana, a gindin famfon masallaci.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Kada a ɗauka tiyar da muke awon hatsi da ita a kasuwa ake nufi. Mudun Annabi ne, wanda muke fidda zakkar kono da guda huɗunsa, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Da awon zamani bai kai lita guda ba. Ruwan wankansa kuwa ko rabin bokiti bai cika ba.

Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunci a kan wannan. Mai Ahalari ya lissafa ƙaranta ruwa a kan gaɓa cikin mustahabban alwala. Ibnu Abi Zaidin a Risala ya nuna cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki shi ne sunna, yawaita shi kuwa ya kira shi wuce gona da iri da bidi'a. Ƙari a kan wanki uku ma abin ƙi ne, kuma sau da yawa waswasi ne ke jawo shi.

Yanzu mu yi lissafi mai sauƙi. A ce mutum ya buɗe famfo yana alwala, ruwa na zuba har lokacin da yake shafar kai, ya kashe lita 5. Ɗan'uwansa ya tara a buta ya yi da lita 1. Bambancin lita 4 ne. A salla biyar ya zama lita 20. A gida mai mutum 10 ya zama lita 200 a yini, wato jarka 8 masu lita 25. Wanda ya taɓa zama Damagaram a watannin bazara, ya ga layin jarkoki tun asuba da yadda kuɗin garuwa ke hawa, ya san abin da jarka 8 ke nufi ga uwargida. Ruwan da ya malale a kwatar masallaci ai shi ne wanda wata yarinya za ta makara makaranta tana jiransa.

Sai dai a kula. Tattali bai halatta a bar lam'a ba. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu barin diddige a bushe. Abin da ake so shi ne ruwa kaɗan da cuɗawa mai kyau. Haka kuma ba a rowar ruwa da sabulu wajen wanke hannu bayan kewayawa ko kafin a ba yaro abinci. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da suka tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro.

Ruwan da aka yi alwala da shi mai tsarki ne a mazhabarmu, ko da yake an karhanta sake alwala da shi idan akwai wani. Me zai sa a bar shi ya zama taɓo inda sauro zai hayayyafa? A ja masa ƴar hanya zuwa gindin zogale ko dogon yaro. Anas ya ruwaito cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. A ƙasarmu ana dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, amma kowa ya san dashen ba ya rayuwa sai da ban-ruwa a rani. Ga ruwan nan a hannunmu kullum.

Daga buta sai mu shiga cikin gida, domin ma'aunin ɗaya ne. Dubi baƙar leda. Ana karɓar ta don tumatir na ɗan kuɗi kaɗan, a yi amfani da ita minti goma, ta kwashe shekaru ba ta ruɓe ba. Tana toshe magudanan ruwa da damina. Awaki da tumaki na haɗiye ta, mahauta na ciro ta dunƙule a tumbi, kuma dabbar da ta ci ta sai ta yi ta rama. Masu hura gawayi da ita kuwa hayaƙi mai cutarwa suke shaƙa, su da ƴaƴansu. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda, amma doka ba ta bin mutum kasuwa. Kwando ko jakar tsumma, da kwano mai murfi don koko da abincin saye, sun wadatar, kuma da su iyayenmu suka yi cefane. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, to ina ga wanda tun farko bai jefa shi ba?

Haka wajen girki. Rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, kashe ragowar itace da zarar an sauke, da amfani da murhun da ke tare iska maimakon duwatsu uku a fili, duk suna rage itacen da ake saya da wanda ake sarewa a daji. Abinci kuma a dafa gwargwadon baki, musamman a azumi da ranar suna. Abin da ya ragu yana da masu shi: maƙwabci, almajiri, sannan dabba.

Ga aikin ɗalibai na wannan mako. Kowa ya samu gorar lita guda, ya cika ta, ya yi alwala cikakkiya da ita a gaban malaminsa, ya duba abin da ya rage. Sannan ya je ya koya wa mutum biyu a gidansu. Kwamitin masallaci kuma muna tunatar da shi cewa famfo mai ɗiga dukiyar jama'a ce ke zuba, gyaransa amana ce.

Allah Ya sa mu cikin masu godiyar ni'ima, Ya ba mu damina mai albarka. Wallahu a'alamu.