Yadda Za Ka Hana Ƙarar Ɗakin Kallo Damun Mutanen Gida

A Turai da Amurka gidaje da yawa suna da fili a ƙarƙashin rufi, kuma mutane kan gyara shi ya zama ɗakin kallon fim. A nan gida ma akwai masu irin wannan sha'awa: a samu ɗakin saman bene, a sa majigi ko babbar talabijin, a haɗa sifiku da wufa. Matsalar ɗaya ce a ko'ina. Ƙarfe sha ɗayan dare fim ya ɗauki zafi, sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, wai ka hana mutane barci.

Abin da yawancinmu ke fara yi shi ne manna soso ko kiret ɗin ƙwai a bango. Kafin ka kashe kuɗinka, karanta wannan.

Soso ba ya tare ƙara

Aiki biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko shi ne rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki domin magana ta fita tas. Soso da labule da kafet suna taimakawa a nan. Na biyu shi ne hana ƙarar tsallaka bango, kuma wannan sai abu mai nauyi.

Ƙara girgizar iska ce. Idan ta bugi bango sai ta girgiza shi, shi kuma ya girgiza iskar da ke bayansa. Bango mai nauyi yana da wuyar girgizawa. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da ka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kusan desibel 6. Kunne kuwa sai an rage wajen desibel 10 yake jin kamar an raba ƙarar biyu. To, nawa ne nauyin kiret ɗin ƙwai?

Bes, wato kaurin ƙarar da wufa ke fitarwa, shi ya fi taurin kai. Zangon ƙara mai 50Hz ya kai kusan mita 7, saboda haka soso mai kaurin santimita 5 ba abin da zai yi masa.

Akwai kuma haɗarin gobara. A shekarar 2003 wuta ta kama soson da aka manna don rage ƙara a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka rasu. Soson katifa da kwali duk makamashi ne.

Fara da wayarka

Sauke manhajar auna ƙara irin Decibel X. Kunna fim yadda ka saba, ka rufe ƙofa, ka zagaya ta waje kana aunawa: bakin ƙofa, taga, ɗakin da ke kusa da na ƙasa. Awon waya ba cikakke ba ne, amma ya isa ya nuna maka inda ƙarar ta fi fita. Rubuta lambobin domin ka kwatanta bayan gyara.

Toshe kafofi

Duk inda iska ta bi, ƙara za ta bi. Kashe fitilar ɗakin da rana ka duba inda haske ke shigowa. Manna roba a kewayen ƙofa, ka sa abin tare ƙasanta, ka cike tsagar taga da ramin wayoyi da silikon. Idan ƙofar irin mai rami a ciki ce, sauya ta da ta katako zalla. Taga mai gilashi jere-jere ba ta riƙe ƙara sam, gara a ƙara mata gilashi na biyu mai kauri ta ciki, a bar tazara tsakaninsu. Wannan matakin ya fi kowanne arha, kuma sau da yawa shi ke kawo bambancin da za ka fara ji.

Silin shi ne babbar ƙofa

Bulon da aka yi wa filasta ciki da waje yana da nauyinsa. Raunin ɗakin sama yana can bisa kanka. A gidaje da yawa bangon da ya raba ɗakuna a daidai silin yake tsayawa, sai ƙara ta ratsa silin mara kauri, ta bi ƙarƙashin kwano, ta sauka a ɗakin wani. Maganin shi ne a ɗora bangon har rufi, ko a shimfiɗa audugar dutse irin Rockwool a saman silin, sannan a yi silin da allon jifsum ninki biyu. Wannan auduga ba ta kama wuta da sauƙi, tana rage zafin kwano da ƙarar ruwan sama. Amma nauyi ne za a ƙara wa katakon rufi, don haka a nemi injiniya ya duba tukuna.

Raba wufa da daɓe

Wufar da ke zaune kai tsaye a kan daɓen bene tana tura girgiza cikin ginin kansa, na ƙasa ya riƙa jin dum-dum. Ɗora ta a kan roba mai kauri, ka janye ta daga kusurwa, domin kusurwa tana ƙara wa bes ƙarfi. Sifikun ma kada a ɗaure su a bangon da ka haɗa da wani.

Kada ka manta da iska

Ɗakin da aka toshe ko'ina a ƙarƙashin kwano tanderu ne a watan Afrilu. Na'urar sanyaya ɗaki mai rabe biyu ta fi dacewa, tunda ƙaramin rami kawai take buƙata, amma iskar ciki take juyawa. A riƙa buɗe ƙofa tsakanin fim da fim, musamman idan mutane suna da yawa.

Idan aljihu bai kai ba

Gidan haya kake, ko kuɗin bai taru ba? Duba saitin talabijin ko sifikarka, da yawa suna da yanayin dare, wanda ke danne ƙarar harbi da fashewa ya ɗaga magana. Rage bes bayan isha'i. In kai kaɗai ne, sa abin sauraro na kunne. Kunnenka ma zai huta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙara mai desibel 80.

Bayan kowane gyara, sake ɗaukar wayarka ka auna a wuraren da ka auna da farko. Idan lambar ba ta sauka ba, dakata da sayayya ka sake neman kafar.