Matan Arewa a Fagen Kimiyya da Halin da Ɗalibar Bungudu Take Ciki

Idan ana batun nasarorin mata a fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, sunayen da aka saba kawowa na ƙetare ne, irin su Marie Curie, wadda ta ci kyautar Nobel a 1903 da 1911, da Maryam Mirzakhani ta ƙasar Iran, wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta samu lambar Fields, wato babbar lambar yabo ta masana lissafi. Amma ga yarinyar da ke karatu a Bungudu ko Tsafe ko Gusau a jihar Zamfara akwai misalai mafi kusa, na matan da suka tashi da harshenta, kuma abin da ya haɗa yawancinsu shi ne bincikensu ya taso ne daga matsalolin da ake fama da su a cikin gidajen Arewa.

Aikin Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano, likitar mata da haihuwa, shi ya fi fito da wannan a fili. Zubar jini bayan haihuwa, wanda likitoci ke fassarawa da asarar jinin da ya kai mililita 500, wato rabin lita, cikin awa 24 bayan saukar jariri, yana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe masu jego, kuma babbar illar ita ce ungozoma kan ƙiyasta jinin da ido ne, alhali zane da katifa sun riga sun shanye mai yawa, har sai mace ta fara suma kafin a gane cewa abin ya yi nisa. Binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar, ita kuma ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya gwada wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, mai aljihu a ƙasa da aka ja wa layukan awo, ta yadda jinin zai taru a ciki a ga adadinsa. Da ya kai layin haɗari, sai a haɗa matakan magani gaba ɗaya maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke hana gudan jini narkewa, a ɗaura ruwa, a kuma duba ko akwai yagewa. An gwada wannan a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna raguwar mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. Abin lura shi ne babu wata na'ura mai tsada a cikin dabarar, don haka ƙaramin asibitin karkara ma yana iya ɗaukarta muddin akwai ma'aikaciyar da aka horar da magungunan da ba su lalace ba.

Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, ita ma ta Jami'ar Bayero, ta ƙware ne a fiziks na sararin samaniya da yanayi, inda ta yi nazarin tasirin ƙura da sare itatuwa a kan yanayin zafi, batun da duk wanda ya san hazon hunturu zai fahimci nauyinsa. Tarihinta ya fi dacewa da halin yawancin matan yankin, domin ta yi aure bayan kammala sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29 da 'ya'ya a hannu, amma duk da haka a 2015 ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier da ake ba mata masu bincike na ƙasashe masu tasowa. A tsallaken iyaka kuwa akwai Dakta Fadji Maina, haifaffiyar Damagaram, masaniyar kimiyyar ruwa da ta fara aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a 2020, tana amfani da lissafi da bayanan tauraron ɗan'adam wajen bin diddigin yadda ruwa ke ƙaruwa ko raguwa a doron ƙasa. Zamfara kanta ta fitar da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara wadda ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da cutar daji, sannan a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta duniya.

Buƙatar ƙwararrun mata a wannan jiha tana da wani dalili na musamman, wanda annobar gubar dalma ta 2010 ta bayyana. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 ne suka rasu, saboda duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje ake daka su a turmi a kuma shanya su, ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Cutar ta faru ne a bayan zaure, inda al'adar ba-shiga ta hana baƙon namiji wucewa, kuma ita mace mai ilimin sinadarai ko aikin jinya tana iya yin sallama ta zauna a kan tabarma, ta ga turmin da idonta, ta yi wa uwa tambayar da ba za ta amsa wa namiji ba. Wannan hikima ba sabuwa ba ce a ƙasar Sakkwato, domin a kanta Nana Asma'u ta gina tsarin 'yan taru, inda jajis, wato malamai mata, ke kai karatu ga mata har cikin gidajensu.

Makarantun da za su samar da irin waɗannan mata suna nan. Gusau na da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha wadda mata zalla take ɗauka, abin da ke kwantar da hankalin iyaye da mazajen da ba sa son cuɗanya. Tsafe na da kwalejin koyon aikin lafiya. Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma, da aka kafa a 2013, ɗalibanta da yawa a Sabon Gida suke haya, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Matsalar tana kan hanyar zuwa gare su. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 279 daga makarantar sakandaren kimiyya ta 'yan mata da ke Jangebe, aka rufe makarantun kwana, sannan a Satumba 2023 aka shiga ɗakunan kwanan Sabon Gida aka tafi da ɗalibai mata na jami'ar.

Rufe makaranta ya fi cutar da ɗalibar kimiyya fiye da kowa, domin jarrabawar WAEC da NECO a fiziks da kemistiri da nazarin halittu tana da ɓangaren gwaji, wanda ba a koyonsa a ɗaki da fitila sai a ɗakin gwaji, inda yarinya za ta riƙe kwalba tana ɗiga sinadari har ruwan ya sauya launi. A karkara kuwa makarantun kwana ne galibi suke da irin wannan ɗaki, kuma uban da ya dawo da 'yarsa gida saboda tsoro ba za a zarge shi ba, sai dai zaman gidan kan ƙare da aure kafin a sake buɗe makarantar. Shi ya sa gina ɗakunan kwana masu tsaro a cikin harabar jami'a, da sanya kayan gwaji a makarantun jeka-ka-dawo na Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe, da buɗe wa matan aure ƙofar komawa aji kamar yadda Rabi'a Sa'id ta koma, suka fi kowane taron bikin 11 ga Fabrairu, ranar mata a kimiyya ta duniya, tasiri a kan yawan likitoci da injiniyoyi mata da jihar za ta yaye.