Shirin Musamman: Me Ya Kashe Maigida?

 

A littafin bincike, marubuci yakan ajiye gawa a shafin farko, ya bar mai karatu da neman wanda ya yi kisan. To, a shekarun da ƙanjamau ya yi ta ɗauke mutane, gidaje da yawa sun ga irin wannan labari da idonsu, sai dai babu ɗan sanda, babu alƙali. Mai binciken ita ce matar da ke takaba.

Ku tuna yadda ake yi. Magidanci ya dawo daga Legas ya rame, ga tari, ga gudawa ba sauƙi. Wannan ya ce taifot, wancan ya ce sammu, a yi ta rubutu da hayaƙi. Ranar da ya cika, a wajen zaman makoki sai a ce doguwar jinya ce. Ita kuwa wata huɗu da kwana goma tana ɗaki tana haɗa zance: takardar asibitin da ta tsinta a aljihun rigarsa, kishiyar da ta riga shi tafiya, ɗan goyon da ya ƙi yin ƙiba. Abin tsoron shi ne, duk amsar da ta gano, a jikinta take.

Ɓoyon ba namu ne mu kaɗai ba. A 1986 aka fara sanar da ɓullar cutar a Nijeriya, amma sai da Fela ya rasu a 1997, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito fili ya faɗi abin da ya kashe shi, sannan mutane da dama suka yarda ba tatsuniyar Turawa ba ce. A adabinmu kuwa, Ibrahim Sheme ya taɓo maganar a littafinsa 'Yartsana na 2003, ta hanyar labarin macen da ta faɗa karuwanci. Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ni a ganina, matar aure da cutar ta isko har ɗakinta ta fi cancanta a rubuta labarinta, domin ita ba ta je ko'ina ba.

Kuma labarinta bai ƙare a makabarta ba. Daga 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta. Wadda aka riga aka yi wa kallon gawa ta murmure, ta koma sana'arta, wata ma ta sake aure ta haifi lafiyayyun 'ya'ya. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin ɗaurin aure.

Marubutanmu, ga labari a ƙofar gidanku. Ke kuma baiwar Allah da har yau kike ɗauke da tambayar nan a zuci, ki daure ki je asibiti a gwada ki.