Ƙaiƙayin Gaba: Kafson Kasuwa Ba Ya Maganinsa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai kan haura digiri 40, mata da yawa suna fama da abin da kunya ke hana su faɗa: ƙaiƙayin gaba, raɗaɗi wajen fitsari, da farin ruwa mai guda-guda kamar kindirmo. Sai ka ji ana cewa "sanyi ne", ko "a ban-ɗaki ta ɗauko". Daga nan sai a aiki yaro kasuwar Wadata ya sayo kafso wurin masu tallar magani.

Sau da yawa mai jawo wannan wata fumfuna ce da likitoci ke kira Candida albicans. Mata 3 cikin 4 kan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Dama can tana jikin mace da yawa ba tare da cutarwa ba, domin akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, Lactobacillus, da ke riƙe da tsamin wurin su hana ta yaɗuwa. Kafso irin su amoxicillin ba ya taɓa fumfuna. Masu gadin nan yake kashewa, sai ita ta samu fili.

Haka ma yawan wanke cikin gaba da sabulu mai ƙamshi ko Dettol, da cusa kayan matsi. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan: mace ta ɗauka ƙazanta ce, ta ƙara dirzawa, ciwon ya ƙaru. Ruwa zalla a waje ya wadatar. Kamfai na roba mai matsewa kuwa gumi yake riƙewa. Na auduga ya fi.

Mai juna biyu ta fi saurin kamuwa saboda hauhawar sinadarin estrojin, haka mai sida. Sai mai ciwon sukari da ba ta kula da shi, domin fumfuna da sukari take ƙiba. Wadda abin ke dawo mata sau 4 a shekara, ta nemi a auna mata sukari.

Ba kowane farin ruwa ba ne Candida, shi ya sa awo ya zama dole. Ungozoma a cibiyar lafiya ta unguwa (CSI) ko a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi za ta tantance. Mai ciki kada ta sha fluconazole da kanta, akwai na cusawa irin clotrimazole da likita zai rubuta. Maigida, kai ma ka daina zargi, ka ba ta kuɗin asibiti.