Kiwon Kajin Ado Domin Shiga Nuni

Akwai kajin da ake kiwo domin ƙwai, akwai na nama, akwai kuma waɗanda ake kiwo domin kyaunsu kaɗai. Su ne ake kira kajin ado. Kaza ɗaya daga cikinsu takan yi kuɗin kajin gida masu yawa, saboda haka wanda ya saya bai san kiwonsu ba, asararsa ba ƙarama ba ce.

A Ingila aka fara tara kaji domin nuni. An yi wani babban nuni a gidan namun daji na birnin Landan cikin shekarar 1845, kana Amurka ta yi nata a birnin Boston cikin 1849. A 1865 Turawan Ingila suka buga littafin da ya bayyana siffar da ake so ga kowane irin kaza, watau nauyinta, da launin gashinta, da zankonta, da ƙafafunta. Irin wannan littafi alƙalan nuni ke bi har yau. Alƙali yakan ɗauki kaza a hannu, ya buɗe fikafikanta, ya duba gashi ɗaya ɗaya, ya taɓa ƙirjinta. Abin da aka ɓoye duk sai ya gani.

Cikin kajin da suka yi suna akwai Silki, wadda asalinta daga ƙasar Sin ne. Gashinta laushi kamar auduga, fatarta baƙa, yatsunta biyar maimakon huɗu. Akwai Sebright, 'yar ƙarama, wadda kowane gashinta ke da baƙin zane a gefe. Akwai kuma Brahma, ƙatuwa, mai gashi har ƙafa.

To, abin da mai kiwo ya kamata ya riƙe shi ne, kyaun kaza daga abinci yake fitowa, kuma watanni yake ɗauka. Gashin kaza kusan dukansa furotin ne, watau sinadarin nan mai gina jiki. Dawa da gero da masara suna ba da ƙarfi da ƙiba, amma furotin ɗinsu kaɗan ne. Kazar da aka bar ta da tsaba kaɗai za ta yi kitse, gashinta kuwa ya fito siriri, mai saurin karyewa. 'Yan tsaki suna bukatar furotin kamar kashi 20 cikin 100 na abincinsu. In sun tasa sai a rage zuwa kashi 15 ko 16. Ana samunsa daga tunkuzar gyaɗa, da soyayyen waken soya, da garin kifi, da gara. A haɗa musu da ɗanyen ganye, da tsakuwa ƙanana domin niƙa a ƙundu, da ruwa mai tsabta kullum.

Lokacin da ya fi kowane muhimmanci shi ne sa'ad da kaza ke zubar da tsohon gashi tana fid da sabo. Wannan yakan zo sau ɗaya a shekara, ya ɗauki wata biyu ko uku. A nan ne ake ƙara furotin. In kaza ta yi yunwa ko ciwo cikin waɗannan makonni, sai tabo ya fito a gashin kamar an ja layi, kuma ba ya gyaruwa sai wani zubi ya zo. Masu kiwon fararen kaji sukan rage musu jar masara, gama takan sa farin gashi ya yi ɗorawa-ɗorawa. Kaji masu rawayar ƙafa kuwa tana ƙara musu launi.

Lalle a kula da tunkuza. Cikin 1960 'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar dafin fumfuna ne cikin garin gyaɗar da aka ba su. Duk abincin da ya jiƙe ko ya yi wari, zubarwa ya fi arha.

Wurin kwana ma yana da nasa aiki. Akurki ya zama busasshe, mai iska, ba cunkoso, don kada su tsige wa juna gashi. Kaji masu gashi a ƙafa ba sa son laka. Rana mai zafi tana koɗar da launi, kuma masu kaurin gashi irin su Brahma suna wahala ƙwarai da bazara a ƙasar Hausa, sai da inuwa. A riƙa duba ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya saboda ƙwarƙwata.

In nuni ya matso, sai a riƙa sa kaza cikin keji kaɗan kaɗan ana ɗaukarta a hannu, domin ta saba da mutane. Saura kwana uku ko huɗu a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, a tsane ta sosai. Kwanakin nan ne za su ba ta damar gyara gashinta da man jikinta. A yanke mata farce, a goge ƙafafu da zanko.

Saura magana ɗaya, ita ce ta cuta. Wurin nuni mahaɗar kaji ce daga gidaje dabam dabam. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin ƙauye da hunturu, tana da rigakafi, sai a nemi likitan dabbobi ya yi shi tun da sauran makonni. Murar tsuntsaye kuma ta ɓulla a Nijeriya cikin 2006, ta jawo asarar kaji masu ɗimbin yawa. Saboda haka kazar da ta dawo daga nuni, ko da ita ce ta zo ta ɗaya, a keɓe ta wajen mako uku, da kwanon abinci da na ruwa nata dabam. In ba a ga tari ko zawo ko kasala ba, sa'an nan a mai da ita cikin 'yan'uwanta.